Zaiba a Cikon Haƙori: Inda Ya Kamata Tsoron Mutanen Illela da Ƙonni Ya Dosa

A watan Nuwamba na 2025, ƙasashen da suka shiga Yarjejeniyar Minamata suka yi babban taronsu na shida a birnin Janeba, suka tsayar da 2034 a matsayin shekarar da za a rufe ƙera cikon haƙori mai zaiba da cinikinsa tsakanin ƙasashe. Ƙasashen Afirka ne suka ja gaba wajen neman hukuncin, kuma da Nijar da Najeriya duk suna cikin yarjejeniyar, don haka ya hau kan likitan haƙori na Tawa kamar yadda ya hau kan na Sakkwato. Sai dai kafin irin wannan labari ya iso Birnin Ƙonni, Malbaza ko Illela, an riga an ƙara masa gishiri a hanya. Yakan shigo ta waya tare da masu cewa duk mai baƙin ciko a baki guba yake haɗiya dare da rana, ya gaggauta a cire masa, a gwada shi, a wanke masa jini. Hukuncin Janeba daidai ne, amma tsoron da ake rataya masa ya ɓata hanya. Mai lafiyayyen ciko ba shi da dalilin cire shi, akwai waɗanda suka fi shi buƙatar gwajin zaiba nesa ba kusa ba, babban ciwon bakin mutanen karkara kuwa shi ne haƙorin da ya ruɓe bai sami mai cike shi ba.

Cikon da likitoci ke kira amalgam haɗin ƙarafa ne. Kusan rabin nauyinsa zaiba ce, ruwan ƙarfen nan mai sheƙi da ake gani cikin tsohon ma'aunin zafin jiki, sauran kuma garin azurfa ne da kuza da jan ƙarfe. Likita ya kwaɓa, ya danna cikin kogon da ya share, ba da jimawa ba ya daskare. Babu dalma a cikinsa, kuma dabam yake da haƙorin Makka, wanda rufi ne da ake ɗora wa haƙori. An fi shekara 150 ana aiki da shi, gardama a kansa kuwa ta girmi duk mai rai, domin tun shekarun 1840 wata ƙungiyar likitocin haƙori a Amurka ta sa ƴaƴanta alkawarin ba za su taɓa shi ba. Abin da ya tsare masa kasuwa shi ne araha, da jure tauna shekara goma ko fiye, da kamawa ko da yawu ya ɗan jiƙa wurin.

Masu tsoronsa suna da gaskiya a wuri guda da aka daɗe ana musantawa. Cikon yana sakin tururin zaiba kaɗan-kaɗan, sakin kuma yana ƙaruwa da doguwar tauna da cizon haƙora cikin barci. Huhu yana ɗauke kusan kashi 80 cikin 100 na tururin da aka shaƙa, jini ya kai shi ƙoda da ƙwaƙwalwa. Abin tambaya shi ne nawa. Ƙiyasin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta wallafa a 2003 ya nuna abin da jiki ke ɗauka daga ciko yana tsakanin maikurogiram 1 zuwa 27 a rana, mafi yawan masu ciko kuma ba su kai 5 ba. Maikurogiram kashi ɗaya ne cikin miliyan na giram. Dole a raba wannan da abin da ya auku a Minamata ta Japan, garin da yarjejeniyar ta ci sunansa. Can masana'antar Chisso ce ta yi shekaru tana zuba dagwalo a teku, zaibar ta taru a jikin kifi cikin siffar da ta fi kowace lahani ga ƙwaƙwalwa, aka gano cutar a 1956, aka haifi jarirai da nakasa, hukuma ta tabbatar da masu cutar fiye da 2,000. Sunan gubar ɗaya ne, amma siffarta da yawanta da hanyar shigarta jiki sun sha bamban, kuma a sha'anin guba su ne ke yanke hukunci.

Hujja mafi ƙarfi ta fito daga bincike biyu da aka wallafa tare a 2006 a mujallar ƙungiyar likitocin Amurka. Ɗaya an yi shi a arewa maso gabashin Amurka kan yara 534 da aka bi shekara 5, ɗayan a Lisbon ta Fotugal kan yara 507 da aka bi shekara 7. A duka biyun ƙuri'a ce ta raba yaran, rabi aka yi musu amalgam, rabi farin ciko marar zaiba, don kada son ran likita ko halin gidan yaro ya karkatar da sakamako. Fitsarin masu amalgam ya fi na takwarorinsu zaiba, shaidar cewa lalle tana shiga jiki. Amma a kaifin basira da riƙe abu a ƙwaƙwalwa da natsuwa, ba a sami bambancin da za a kama ba. Masu suka sun ce shekara 7 ta yi kaɗan a rayuwar ɗan Adam, an kuma fara ne da ƴan shekara 6 zuwa 10, ba a duba ɗan tayi ko mai ciwon ƙoda ba. Suka ce mai ma'ana, kuma a kanta aka gina matakan kariya da suka biyo baya.

A Satumba na 2020 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta ba da shawarar a kauce wa sabon amalgam, matuƙar akwai madadi, ga mai ciki da mai shirin ɗauka, da mai shayarwa, da yara musamman ƴan ƙasa da shekara 6, da masu ciwon ƙoda ko na jijiyoyin ƙwaƙwalwa. A Maris na 2022 taron Minamata na tsibirin Bali ya ɗora wa ƙasashe nauyin hana shi, ko aƙalla ba da shawarar barinsa, ga ƴan ƙasa da shekara 15 da masu ciki da masu shayarwa. A Nijar, inda kusan rabin jama'a ba su kai shekara 15 ba, mace kuma takan shafe shekaru masu yawa tsakanin ciki da goyo, wannan ƙa'ida ta rufe kaso mai girma na masu zuwa asibiti. Sai dai duk matakan nan kan sabon ciko suke magana. Hukumar ta Amurka, a cikin sanarwar da ta yi gargaɗin, ta ce ba ta ba da shawarar cire tsohon ciko mai lafiya ba, har ga waɗanda ta lissafa.

Me ya sa Turai ta haramta?

Mai karatu zai ce, in dai babu cuta, don me Turawa suka haramta wa kansu? Norway ta hana shi a 2008, Suwidin a 2009, Tarayyar Turai ta hana shi ga yara da masu ciki da masu shayarwa daga Yuli na 2018, sannan ga kowa daga 1 ga Janairu 2025 in ban da inda likita ya ga larura. Babban dalilin da suka kafa shi ne muhalli. Aikin haƙori a duniya yana cin fiye da tan 200 na zaiba a shekara, ita kuwa ba ta ruɓewa, wuta ma ba ta kashe ta, sai dai ta tashe ta. Ɓarɓashin da aka goge daga haƙori yana bin magudanar ruwa, ragowar kwaɓi ya tafi bola, a ƙasashen da ake ƙona gawa kuma abin da ke bakin mamaci ya bi hayaƙi. In ta sauka a tafki ko kogi, ƙananan halittun da ke cikin laka sukan juya ta zuwa siffar nan ta Minamata, ta hau daga ƙaramin kifi zuwa babba har ta iso tukunya. Wannan hujja ta fi ƙarfi a nan fiye da can. Asibitin Turai doka ta tilasta masa na'urar tace ɓarɓashin amalgam daga ruwa, alhali a yawancin garuruwan Sahel makomar sharar asibiti rami ce ko wuta. Wanda ya fi shaƙar tururin kuma shi ne ma'aikacin da ke kwaɓa zaiba da hannu a ɗaki mai zafi marar iska. Shi ya sa taron Bali ya hana likitoci zaiba ta kwalba, sai wadda aka auna aka rufe cikin kafso.

Sai masu cewa jiki magayi, sun san wanda ya yi fama da kasala da ciwon kai da mantuwa, aka cire masa ciko ya ji sauƙi. Ba a ƙaryata sauƙin da mutum ya ji, amma an gwada maganar. A wani bincike da aka wallafa a 2008 daga birnin Munich na Jamus, an ɗauki mutum 90 da ke ɗora rashin lafiyarsu kan amalgam aka raba su uku. Wasu aka cire musu, wasu aka cire aka haɗa musu da abubuwan da ake cewa suna wanke guba, wasu aka bar musu cikonsu aka sa su cikin shirin kula da lafiya da rage damuwa. Bayan shekara guda rukunan uku duk sun sami sauƙi mai yawa, har da waɗanda ba a taɓa haƙorinsu ba. A wannan yanki kuwa kasala da jiri da ciwon kai suna da iyayen gidansu na kusa, wato zazzaɓin cizon sauro, ƙarancin jini, hawan jini da ciwon suga, kuma wanda ya ɗora su kan ciko yana iya barin ainihin cutar tana cinsa. Cirewar ma tana da nata kuɗin da jiki ke biya. Lokacin da inji ke niƙe tsohon ciko ne tururi da ƙura suka fi tashi, kowace cirewa kuma tana tafiya da wani yanki na lafiyayyen haƙori. Inda babu robar killace haƙori, babu injin tsotsa mai ƙarfi, cire ciko mai lafiya gudun gara ne a faɗa gidan zago. Dalilan cirewa na gaskiya sanannu ne: ciko ya tsage ko ya yi sako-sako, ruɓa ta shiga ƙarƙashinsa, ko farin tabo ya fito a cikin kumatu ko harshe daidai inda yake gogar cikon.

Gwajin gaskiya da gwajin kasuwa

Gwajin zaiba iri uku ne, kowanne da tambayar da yake amsawa. Fitsari shi ne ma'aunin tururin da aka daɗe ana shaƙa da zaibar man shafawa. An fi son a tara na yini da kwana, ko a daidaita lambar da wani sinadari da ƙoda ke fitarwa mai suna kiriyatinin, don kada yawan shan ruwa ya rikita lissafi. Jini yana nuna abin da ya shiga kwanan nan, cin kifi kuma yana ɗaga shi. Gashi tarihin zaibar kifi yake riƙewa, bai dace da auna ciko ba, a kan mai aiki cikin tururin ma yakan kwashi ta waje ya ba da lambar ƙarya. Kusan duk wanda aka auna da na'ura mai kyau za a sami ɗan abu a jikinsa, don haka cewa an gani ba ta da ma'ana sai an faɗi nawa aka gani. Masu ciko yawanci fitsarinsu bai wuce maikurogiram 5 a lita ba. Iyakar da masana lafiyar ma'aikata a Amurka suka sa ita ce 20 a kowane giram na kiriyatinin. Daga wajen 50 ake fara ganin alamun taɓuwar ƙoda, daga 100 kuma rawar hannu da kumburin dasashi da rashin barci da saurin fushi sukan fito fili. Aunawar tana buƙatar kwalba marar gurɓata da na'ura ta musamman ta manyan ɗakunan gwaji, saboda haka duk wanda ya ce zai auna maka zaiba nan take a shago, ka tambaye shi da me zai auna.

Akwai gwaji iri biyu da ya kamata a sani don a guje musu. Na farko shi ne a ba mutum maganin da ke kamo ƙarafa daga jiki, kamar DMSA ko DMPS, a tara fitsarinsa na ƴan sa'o'i, sannan a gwada lambar da ma'aunin mutanen da ba su sha komai ba. Maganin yana ɗaga zaibar fitsarin kowa, mai lafiya da marar lafiya, don haka sakamakon kusan kullum mai ban tsoro yake fitowa. Ƙungiyar likitocin guba ta Amurka ta fitar da matsaya a 2009 cewa ba a tabbatar da ingancin wannan gwaji ba, ba a ga amfaninsa ba, kuma yana iya cutarwa. Na biyu shi ne ƴan na'urorin da ake riƙawa a tafin hannu, kwamfuta ta zubo jerin cututtuka cikin minti ɗaya, galibi a hannun masu tallar maganin wanke jini. Na'urar da ba ta taɓa jini ko fitsari ba, ba ta da hanyar sanin abin da ke cikinsu. In mai gwajin shi ne mai sayar da maganin, a nemi wani likita dabam ya duba, domin magungunan kamo ƙarafa suna kwashe har waɗanda jiki ke buƙata, an kuma sami mace-mace ta dalilin ba da su ba bisa ƙa'ida ba.

Yadda gwaji na gaskiya ke aiki, maƙwabta sun gan shi a Zamfara. A 2010 yara suka riƙa mutuwa da jijjiga a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, sai da aka auna jini aka gano dalma ce daga duwatsun zinare da ake niƙawa cikin gidaje. Yara fiye da 400 suka rasu. Ƙungiyar likitoci ta MSF da abokan aikinta suka auna jini, aka auna ƙasar tsakar gida, aka kwashe gurɓatacciya aka zuba sabuwa, aka ba yaran da lambarsu ta haura maganin DMSA ƙarƙashin kulawa, domin babu amfanin a warkar da yaro a mai da shi cikin ƙurar da ta kwantar da shi. Tsarin ke nan ga zaiba ma. Ana farawa da tambayar sana'ar mutum da abin da yake shafawa da abin da yake shaƙa, a auna wanda tarihinsa ya nuna haɗari, magani na farko kuma shi ne raba shi da tushen gubar.

Inda zaiba ta fi yawa

In aka bi wannan tsari a Ƙonni da Adar, sahun gaba na masu haƙar zinare ne. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2018 ya nuna haƙar zinare ta gargajiya ce ke da kusan kashi 38 cikin 100 na zaibar da ayyukan ɗan Adam ke saki a iska, fiye da kowace sana'a. Nijar ta shiga harkar gadan-gadan. Komabangu a jihar Tilaberi ta daɗe, Jado da Cibarakaten a jihar Agadas suka ɓalle a 2014, Ɗan Isa a jihar Maraɗi ta biyo baya a 2021, inda ruftawar rami ta kashe mutum 18 a Nuwamba na shekarar. Yankin Tawa an san shi da tafiya cin rani, filayen zinare kuma sun shiga jerin inda matasansa ke dosa. A can ana zuba zaiba cikin niƙaƙƙen dutse ta tattaro zinaren, a matse a tsumma, a ɗora dunƙulen a wuta, zaibar ta tashi, zinare ya zauna. Tururin ba wari ba launi. Mai ƙonawa yana sunkuye a kai, wani lokaci cikin ɗaki ko shagon mai saye, tururin ya lafe a bango da tufafi ya ci gaba da tashi bayan an kashe wuta. Wata bita da aka wallafa a 2014 kan bincike daga ƙasashe da dama ta sami masu wannan aiki da fitsarinsu ya zarce 50, wasu ya zarce 100 da nisa. Matashin da ya dawo gida hannu na rawa, ba ya barci, abu kaɗan ya hasala, akan ce iska ce ko ƙwaya. Shi ya kamata a fara tambaya ko ya ƙona zinare, shi ne kuma ya cancanci kwalbar gwajin.

Sahu na biyu yana ɗakunan mata. Wasu mayukan bilicin da sabulansu ana zuba musu gishirin zaiba domin yana hana fata yin launinta, kuma gwaje-gwajen da aka yi kan kayan kasuwannin Afirka da Asiya sun sami mayuka masu ninki dubbai na iyakar da doka ta taɓa yarda da ita, wato kashi ɗaya cikin miliyan. Wata takardar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2011 ta kawo ƙiyasin cewa kashi 77 cikin 100 na matan Najeriya suna amfani da kayan hasken fata. Ko an rage wani abu daga adadin, kasuwar babba ce, tsakanin Illela ta Sakkwato da Birnin Ƙonni kuwa ƴan kilomita ne. Ba kowane man bilicin ke da zaiba ba, amma haɗin da ake ɗurawa a robobi marasa suna ba mai sanin cikinsa da ido. Ana shafa shi kullum, shekara da shekaru, yana ratsa fata, yana shafar zanen gado da jaririn da ke goye, yana iya lalata ƙoda har jiki ya kumbura. Taron Minamata na 2023 ya haramta duk kayan kwalliya da aka sa wa zaiba daga 2025, komai ƙanƙantarta. Matar da ke fargabar ɗan cikon bakinta alhali tana shafa irin wannan haɗi safe da dare, ta bar babbar ƙofa a buɗe.

Haƙorin da ba a cike ba

Duk gardamar nan kan amalgam ta masu ciko ce, su kuwa a gundumomin Ƙonni, Malbaza da Illela tsiraru ne, galibi waɗanda suka zauna Yamai, Sakkwato, Kano ko ƙasashen waje. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2022 ya ce kusan mutum biliyan 3.5 ke fama da cututtukan baki, ruɓewar haƙori da ba a yi wa magani ba kuma ta fi kowace cuta yaɗuwa a duniya. A yankin Afirka likitan haƙori ɗaya ne ga kimanin mutum 30,000, rabon Nijar bai kai ko kusa da haka ba, ƴan kaɗan ɗin kuma sun taru a manyan birane. Mutumin Badagishiri ko Dogerawa da haƙori ya hana barci yakan fara da kanumfari da ruwan gishiri da ƙwayoyin ɗan tebur, ya je wurin mai cewa zai fitar masa da tsutsa, daga ƙarshe a cire haƙorin, wani lokaci da ƙarfen da ba a dafa ba. Ruɓar da aka bari tana iya tara mugunya ta kumbura muƙamuƙi da wuya har ta toshe numfashi. Ga kuma cutar da likitoci ke kira noma, mai farawa daga dasashin yaro mai tamowa ta cinye kumatu, wadda saboda ita aka kafa asibiti na musamman a Sakkwato a 1999. A lokaci guda sukari yana ƙara shiga baki ta shayi da alewa da lemon kwalba. Saƙon da ke tsorata mutane da kujerar likitan haƙori yana jefa su hannun masu filaya ne a kasuwa.

Daga nan suka mafi nauyi kan hukuncin Janeba ke fitowa, kuma daga bakin likitoci take. Suna cewa in aka hana ciko mafi araha a ƙasar da ba ta da madadi, cirewa kawai za ta rage wa talaka. Farin ciko ya fi tsada, yana son wuri busasshe, da fitila ta musamman mai ƙandarar da shi, da hannu mai horo. Bitar bincike da ƙungiyar Cochrane ta yi a 2021 ta nuna, bisa hujjar da masu bitar suka ce ba ta da ƙarfi sosai, cewa a haƙoran tauna yana lalacewa kusan ninki biyu na amalgam. Gaskiya ne, kuma yana cikin dalilan da suka sa aka ja wa'adin har 2034. Amma sukar tana ɗauka cewa amalgam yana isa ga talakan ƙauye a yau, alhali shi ma sai da injin haƙa da wutar lantarki da likita. Hanyar da ta dace da ƙauye a Afirka aka ƙirƙiro ta. A tsakiyar shekarun 1980 a Tanzaniya likita Jo Frencken ya fara share ruɓa da ƙananan kayan hannu yana cike kogon da siminti na musamman. Simintin da aka tsaya a kansa, gilas ayonoma, yana manne wa haƙori da kansa yana kuma sakin fuloraid mai ƙarfafa shi. Ba inji, ba wuta, galibi ba allurar kashe zafi. Yana daɗewa a ƙaramin kogo, ya fi rauni a babba, shi ya sa kama ruɓa da wuri ke da muhimmanci. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wannan siminti, da man goge baki mai fuloraid, da wani ruwan azurfa da ake ɗiga wa ruɓa ya tsayar da ita, cikin jerin muhimman magunguna. Ma'aikacin jinya da aka horar zai iya wannan aiki a ƙaramar likita ta ƙauye ko a makaranta, manyan kogunan kuma a tura asibitin gunduma.

Zaman iyaka yana da nasa haɗari. Kayan da manyan kasuwanni suka rufe wa ƙofa yakan nemi ƙanana, shekarun da suka rage kafin 2034 kuwa su ne lokacin da masu ragowar amalgam za su so sauke shi da araha. Tarayyar Turai ta hana fitar da nata daga 2025, amma ba ita kaɗai ke ƙerawa ba. Rahotannin Majalisar Ɗinkin Duniya sun kuma nuna cewa a ƙasashe da dama zaibar da aka shigo da ita da sunan aikin haƙori takan ƙare a filin zinare. Ƙofar Ƙonni na cikin manyan mashigai tsakanin Nijar da Najeriya, saboda haka jami'an duwan na ɓangaren Nijar da na kwastan na ɓangaren Najeriya suna da aiki a gabansu. Zaiba ta kwalba da aka ce ta likitan haƙori ce ba ta da sauran hujja tun bayan ƙa'idar Bali, haka ma man shafawar da ba a rubuta abin da ke cikinsa ba.

Abin yi a bayyane yake. Mai ciko da ba ya ciwo, bai tsage ba, ya bar abinsa, ya riƙa kai shi ana dubawa. Mai ciki ko mai goyo, da uban da ya kai yaro, su faɗa wa likita halin da ake ciki su nemi ciko marar zaiba, amma kada su bar haƙori ya ruɓe don ba a samu ba. Wanda ya ƙona zinare, da wadda ta daɗe tana shafa haɗin bilicin, su faɗi gaskiya a asibiti ba tare da kunya ba, ma'aikatan lafiya kuma su sa waɗannan tambayoyi biyu cikin waɗanda suke yi wa mai rawar hannu ko kumburin jiki. Yarjejeniyar Minamata ta tanadi kare lafiyar masu haƙar zinare da iyalansu, don haka haƙƙin jama'a ne su nemi ma'aikatar lafiya ta buɗe hanyar aika fitsarin irin waɗannan mutane zuwa ɗakin gwaji amintacce, ta horar da ma'aikatan jinya cikon hannu, ta ware wurin ajiye sharar amalgam. Limamai da sarakuna da gidajen rediyon yankin, waɗanda kullum suke tunatar da jama'a falalar asuwaki, su ƙara da rage sukari da zuwa asibiti tun kogo yana ƙarami. Duk wanda aka turo wa saƙon cewa ya cire cikonsa yau-yau, kada ya tura wa wani sai ya tambayi likita.